TARIHIN MAYAR DA FAYIL HOTO: DAGA KWALIN CINGAM ZUWA RAMIN KWAL A ƘASAR ƘANƘARA



Yau tarihi na kawo muku, ba gyaran waya ba. Rubutun yana da ɗan tsawo, amma ku daure ku kai ƙarshe, don a can ƙasa akwai umarnin da mai kwamfuta zai iya gwadawa, akwai kuma gargaɗi ga masu ajiye sirrinsu a cikin hotunan waya.

Bari in fara da abin da ya faru da ni. A shagon da nake aiki ina da wani fayil da na yi shekara uku ina tara bayanai a ciki: sikirin ɗin wace waya ke shiga wace, wane batir ke hawa wane, inda ake jona siririyar waya idan layin caji ya yanke, da hotunan bod da na ɗauka da kaina. Bara sai na ci karo da wata 'yar manhajar kwamfuta, irin waɗanda ba su da maɓallin dannawa, sai dai ka buɗe baƙin allon nan ka rubuta musu umarni. Aikinta ɗaya ne: ka ba ta kowane irin fayil, ta mayar maka da shi hoto. Na matse fayil ɗina cikin zip na ba ta. Ta fito min da hoto mai ɗige-ɗige kala-kala, kamar talabijin idan tasha ta ɗauke. Daɗi ya kama ni, na tura wa kaina shi a wata manhajar hira a matsayin hoto, na ce shi ke nan na yi ajiya.

Bayan wata biyu ma'ajiyar kwamfutar shagon ta mutu. Ban damu ba. Na sauke hotona, na ba manhajar ta dawo min da fayil. Ta dawo da wani abu, amma zip ɗin ya ƙi buɗewa. Ogana ya leƙo ya ce, "Kai da kake yi wa kwastoma faɗa kan ajiyar ko-ta-kwana, yau kai ne a layi?" Ban ce komai ba, don laifina ne.

Wannan ya sa na koma bincike, sai na tarar matsalar da ta kayar da ni ita ce injiniyoyi suke kokawa da ita sama da shekara 70. Mayar da fayil hoto abu ne mai sauƙi. Dawo da shi lafiya bayan ya sha hanya, nan gizo ke saƙa.

TA YAYA FAYIL KE ZAMA HOTO?

Duk abin da ke cikin wayarka, waƙa ce, bidiyo ne, manhaja ce, jerin lambobi ne kawai. Kowace lamba ana kiranta bayit, kuma tana tsakanin 0 da 255. Shi ma hoto haka yake. Idan ka zuƙo hoto sosai za ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo masu kusurwa huɗu. Kowane ɗigo lambobi uku ne ke ba shi launi: yawan ja, yawan kore, yawan shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255.

To ka ga an gama. Manhajar tana ɗaukar bayit ukun farko na fayil ɗinka ta ce ga launin ɗigo na farko, ukun da ke biye su zama ɗigo na biyu, haka har ƙarshe. Hoto mai ɗigo 1,000 a tsaye da 1,000 a kwance zai ɗauki bayit miliyan 3, wato kusan megabayit 3.

Idan an ajiye hoton a tsarin PNG, wanda aka fitar a 1996, ba lambar da ke canzawa. Amma tsarin JPEG, na 1992, an yi shi ne don idon mutum. Yana rage nauyin hoto ta hanyar zubar da ƙananan bambance-bambancen da ido ba ya gani. A wurin ido, ja mai lamba 200 da mai lamba 203 duk ɗaya ne. A wurin fayil kuwa harafi ne daban. Yawancin manhajojin hira da na sada zumunta, idan ka tura abu a matsayin hoto, sai sun rage faɗinsa sun matse shi kafin ya tafi. Abin da ya cinye min aikin shekara uku ke nan.

1949 ZUWA 1974: LAYUKAN JIKIN KAYA

Labarin ya faro ne a Amurka. Wasu matasa biyu a Filadelfiya, Norman Joseph Woodland da Bernard Silver, suna neman hanyar da na'ura za ta gane kaya a kanti ba tare da mai sayarwa ya buga farashi da hannu ba. Woodland ya san rubutun Morse na ɗigo da ja tun yana yaro. Yana zaune a bakin teku a Miyami ya ja yatsunsa a cikin yashi, sai ya ga ai ɗigo da ja za su iya zama layi siriri da layi mai kauri. Sun nemi rajistar fasahar a 1949, aka ba su a 1952.

Sai da aka jira na'urar karantawa ta yi araha. Ranar 26 ga Yuni, 1974, a wani kanti a garin Troy na jihar Ohayo, aka fara sayar da kaya ta hanyar haska waɗannan layuka. Kayan kuwa fakitin cingam ɗin Wrigley ne.

Layukan lambobi 12 kacal suke ɗauka. Amma ku lura da wani abu: 11 ne na bayanin kaya. Ta 12 ɗin 'yar gadi ce, ana lissafo ta daga sauran. Idan na'ura ta karanta ta ga lissafi bai hau ba, sai ta ƙi yin ƙara, a sake haskawa. Tun ranar farko masu abin sun san hoto yana iya yin datti, don haka suka ware wuri don bincike.

1985: MANHAJA A CIKIN MUJALLA

A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, idan kana son sabon wasa a kwamfutarka ta gida, sau da yawa mujalla za ka saya, ka zauna ka kwafe shafi-shafi na umarni da hannu. Ka kuskure waƙafi ɗaya, komai ya tsaya.

A 1985 wani kamfani mai suna Cauzin ya fito da Softstrip. Wani dogon zirin ɗige-ɗige ne baƙi da fari da ake bugawa a takarda, kowane ziri yana ɗaukar har bayit 5,500. Ka ɗora na'urar karantawa a kai, ta bi shi a hankali, manhaja ta shiga kwamfuta. Wannan karon ba lambar kaya ba ce, fayil ne sukutum a kan takarda.

Bai daɗe ba ya ɓace. Na'urar karantawar kusan dala 200 ce, kuma ba ta da wani aiki sai wannan. Masu mujallu suna jiran mutane su sayi na'ura, mutane suna jiran mujallu su cika da ziri, faifan filofi kuma yana ta ƙara araha. Yau idan ka tsinci tsohuwar mujalla mai Softstrip, ɗige-ɗigen suna nan lafiya, abin karantawar ne ya zama kayan tarihi. Wannan ita ce hanya ta biyu da ajiya ke mutuwa: hoto yana nan, mabuɗi ya ɓata.

1991 ZUWA 1997: LITTAFIN DA YA TSALLAKE DOKA

A 1991 Phil Zimmermann ya saki PGP, manhajar kulle saƙo yadda ba mai karantawa sai wanda aka tura wa. A lokacin dokar Amurka tana lissafa irin wannan manhaja mai ƙarfi cikin kayan yaƙi, ba a fita da ita ƙasar waje sai da izini. PGP ta bazu a intanet, gwamnati ta buɗe masa bincike a 1993.

Sai dai dokar ta fi kama abin da ke cikin faifai. Littafi kuwa yana ƙarƙashin 'yancin faɗin albarkacin baki. A 1995 maɗaba'ar MIT ta buga rubutun manhajar gaba ɗaya a matsayin littafi. An rufe binciken a farkon 1996 ba tare da an tuhume shi ba, amma dokar fitarwar tana nan. Don haka da PGP 5.0 ta fito a 1997, aka sake buga ta a littattafai 12, shafi wajen 6,000, aka aika Turai. Masu sa kai suka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya da sikana, kwamfuta ta mayar da hoton shafi rubutu, suka sake haɗa manhajar a wajen Amurka.

Kwamfuta takan rikita harafin O da sifili, ko ƙaramin l da lamba 1. Saboda haka aka sa wa layukan littafin 'yar lambar gadi a gefe, yadda idan an karanta layi ba daidai ba za a gane nan take. Dabarar kwalin cingam ce ta dawo.

1994: QR, WANDA YA YI NASARA

A Japan, kamfanin Denso mai ƙera kayan mota ya gaji da layukan nan, don akwati ɗaya sai an manna masa da yawa, ma'aikaci ya yi ta haskawa. Wani injiniyansu, Masahiro Hara, ya jagoranci ƙirƙiro QR a 1994.

Abu uku suka sa ya rayu. Na farko, manyan murabba'ai ukun nan da ke kusurwoyi, su ke gaya wa kyamara ina ne sama ina ne ƙasa, ko a karkace ka riƙe waya. Na biyu, baƙi da fari kawai yake amfani da su, ba ruwansa da 200 ko 203. Na uku shi ne babba. A masana'anta akwai maiƙo da ƙura, don haka suka sa masa wani lissafi da Irving Reed da Gustave Solomon suka wallafa tun 1960, irin wanda ke sa faifan CD ya ci gaba da waƙa duk da ya ɗan karce. Wannan lissafi ba gane kuskure kawai yake yi ba, gyarawa yake. QR yana da matakai huɗu: mai jure lalacewar kusan kashi 7 cikin 100, da 15, da 25, da 30. Shi ya sa za ka ga an manna tambarin kamfani a tsakiyarsa kuma ya karantu.

Sannan kamfanin bai ce sai an biya shi kafin a yi amfani da shi ba. Da wayoyi masu kyamara suka zo, kowa ya zama yana da na'urar karantawa a aljihu, abin da Cauzin ya rasa. Yau da shi kake jona WhatsApp da kwamfuta, da shi kake haɗa Xender.

Kuɗin wannan juriya shi ne ƙarancin wuri. QR mafi girma, mai ɗigo 177 a kowane gefe, bayit 2,953 kawai yake ɗauka. Ko hoton fasfo mai kyau ba zai shiga ba.

2007: TAKARDAR A4 DA TUTA MAI KALA BIYAR

A wajen 2007 masu sha'awar abin suka koma kan takarda. Oleh Yuschuk, wanda ya rubuta OllyDbg, ya saki PaperBack, mai cusa kusan bayit 500,000 a takardar A4 ɗaya idan firinta mai kyau ce. Sai Optar daga ƙasar Cek, ita ta baƙin allo ce, umarni biyu gare ta: optar ya mayar da fayil hoton bugawa, unoptar ya dawo da shi daga sikana. Tana ɗaukar kusan kilobayit 200 a shafi. A tsarinta, cikin kowane ɗigo 24, 12 ne kawai na fayil ɗinka, sauran 12 na gyaran kuskure ne. Rabin takarda ya tafi a gadi, kuma da gangan aka yi hakan.

A shekarar ne kuma aka yi wata rigima. Lambar sirrin da ke kulle fina-finan HD DVD ta fita, lauyoyi suka bi shafuka suna cewa a goge. A watan Mayu masu amfani da shafin Digg suka yi bore, suka cika shi da lambar. Lambar bayit 16 ce. Wani mai suna John Marcotte ya raba 15 ɗin farko uku-uku, kowane uku ya ba shi launi ɗaya, ya zana tuta mai zirin kala biyar, bayit ɗin da ya rage ya rubuta shi a kusurwa. Daidai lissafin da na yi muku a sama ne, sai dai nasa ɗigo biyar ne.

2013 ZUWA 2023: FARAUTAR MA'AJIYAR KYAUTA

A watan Mayun 2013 shafin hotuna na Flickr ya ba kowa terabayit 1 kyauta. Ba a jima ba masu rubuta manhaja suka fito da kayan aikin da ke mayar da fayiloli PNG su ɗora a can. Irin wadda na yi amfani da ita jikar waɗannan ce. A ƙarshen 2018, bayan SmugMug ya sayi shafin, aka sanar cewa mai asusun kyauta hoto 1,000 kawai zai ajiye, a 2019 aka fara goge abin da ya haura. Shi ma Google Photos ya rufe ajiyarsa marar iyaka ranar 1 ga Yuni, 2021.

A 2023 wani matashi ya saki Infinite Storage Glitch, manhajar baƙin allo mai mayar da fayil bidiyo a ɗora a YouTube, tunda bidiyo jerin hotuna ne. Ya ci karo da matsalata: idan ya yi amfani da launuka, matsewar da shafin ke yi wa bidiyo sai ta ɓata fayil. Dole ya koma baƙi da fari, ya ƙara wa kowane ɗigo girma, bidiyon ya ninka asalin fayil ɗin nauyi sau da dama. Mu da muke sayen data da kuɗinmu, wannan kyauta ta fi saye tsada. Ga shi kuma duk ranar da mai gida ya ga dama zai iya share maka kaya, don ba don haka ya buɗe gidansa ba.

2020: AJIYAR SHEKARA DUBU

Wanda ya fi burge ni shi ne na GitHub, shafin da masu rubuta manhaja na duniya ke ajiye ayyukansu. Ranar 2 ga Fabrairu, 2020, suka kwafi ayyukan da ke buɗe ga kowa, terabayit 21. Kamfanin Piql na ƙasar Nowe ya mayar da su hotuna masu kama da QR, ya buga a kan fim irin na silima, naɗi 186. A watan Yuli aka kai su tsibirin Svalbard, kusa da ƙarshen duniya ta arewa, aka shigar da su wani tsohon ramin haƙar kwal, can cikin dutsen da ƙanƙara ta daskarar. Burinsu ya kai shekara 1,000.

A jikin kowane naɗi sun sa bayanin yadda ake karanta hotunan, da rubutun da ido ke gani da gilashin ƙara girma, cikin harsuna biyar: Ingilishi, Larabci, Sinanci, Hindi da Sifaniyanci. Sun ɗauki darasin Softstrip, sun haɗa kaya da mabuɗinsa wuri ɗaya.

GA MAI SON GWADAWA

Wannan na ƙananan fayiloli ne, kamar lambobin ceto na asusunka na imel. A kwamfuta mai Ubuntu, fara da sauke kayan aiki:

sudo apt install qrencode zbar-tools

Kulle fayil ɗin da kalmar sirri tukuna:

gpg -c lambobi.txt

Mayar da shi hoto:

base64 -w0 lambobi.txt.gpg | qrencode -l M -o ajiya.png

Dawo da shi:

zbarimg --raw -q ajiya.png | base64 -d > dawo.gpg

gpg -d dawo.gpg

Aikin base64 shi ne mayar da bayit haruffa don kada su rikice a hanya, amma yana ƙara nauyi da kashi ɗaya cikin uku. A matakin M ɗin nan kada fayil ya wuce kusan bayit 1,700. Idan ya wuce, qrencode zai ƙi.

ABIN DA ZA KU RIƘE

1. Hoto ba kwaɗo ba ne. Duk wanda ya haska QR ɗinka ya karanta. Masu harkar kirifto, kada ku mayar da kalmominku 12 hoto ku bari a waya. Wayoyi nawa ake kawo mana gyara a buɗe, ba kowane hannu ne na amana ba.

2. Idan za ka tura irin wannan hoto, tura shi a matsayin fayil, kada ka tura ta wajen hotuna.

3. Kada ka yarda ka yi ajiya sai ka dawo da ita ka buɗe da idonka, daga inda ka ajiye ɗin, ba daga kwamfutarka ba. Minti biyu da na yi wannan, da ban yi asara ba.

4. Idan ka buga a takarda, rubuta umarnin dawowa da biro a ƙasan shafin. Bayan shekara biyar ba za ka tuna ba.

5. Manyan fayiloli, memori ko filash ko had-dis na waje sun fi. Ka ajiye a wuri biyu.

Ni dai na dawo da wajen rabin bayanaina daga ka da kuma tsofaffin saƙonnin da na taɓa tura wa abokan aiki. Hotunan bod ɗin sun tafi, sai dai idan irin wayar ta sake zuwa in sake ɗauka. Yanzu fayil ɗin yana kan filash biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida, jerin sikirin da batir kuma na kwafe shi a littafi mai bango.

Wanda ya gwada umarnin ya maƙale, ya turo hoton abin da allon ya rubuta masa, zan duba da daddare idan na tashi daga shago. A darasi na gaba za mu ga yadda ake fitar da lambobin waya gaba ɗaya zuwa fayil ɗaya kafin a yi wa waya filashin.